Jinkar Zauren Kakanka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Magaji. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sauke ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki, ya tsare ku daga sharrin wuta da na ruwa da na mutum.

Na san za ka yi mamaki. Darni ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, amma ga shi na zauna ina rubuta maka takarda kamar wanda yake Damagaram. Ka san dalili. Kai ne ɗan fari, tun da aka haife ka ban taɓa zaunar da kai mun yi doguwar magana ba, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. To, abin da baki ya kasa faɗa, bari alƙalami ya gwada. Zan ba ƙanwarka ta cusa maka ita cikin kaya, kada ka buɗe sai kun sauka kun huta.

Jibi Alhamis za ku ɗaura wa jakuna kaya ku nufi garin nan na bayan Dungas, inda surukinka ya ba ka gonar gyaɗa. Na yi murna, ƙasar can ta fi tamu ƙarfi. Amma tun da aka sa ranar tafiya innarka take bina da magana ɗaya, safe da yamma: "Malam, ka ce masa in ya je can ya fita harkar gobara. Baƙo ne, wa ya aike shi?" Na ce mata to, don a zauna lafiya. Ba zan ce maka haka ba. Ko na faɗa ba za ka ji ba, na san jinin da ka ɗauko. Kuma garuruwanmu na kara da shuci ne, in wuta ta tashi ba mu da kowa sai junanmu. Kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, yana can bariki a Magaria, kafin labari ya kai masa toka ta huce.

Sai dai na gan ka bara, a gobarar gidan maƙeri. Kai ka fara shiga, kai ka fito ƙarshe, mutane na ta "sai Magaji, sai Magaji", kai kuma baki har kunne. Ni ina gefe ina kallonka, na ga kaina ne sak a shekarunka. Ina tsoron a kawo mini kai a kan gadon kara, ko kuma, wanda ya fi wannan nauyi, a kawo ɗan wani saboda kai. Shi ya sa zan jera maka wautar da na tafka, ka ɗauki darasinta ba tare da ka biya abin da muka biya ba.

Gobarar farko da na shiga, ranar kasuwar Bande ce. Na dawo sanye da sabuwar riga ta saƙi mai faɗin hannu, ina tafe ina duban inuwata. Ina shiga gari na ji kuwwa, mata na ihu, "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" Hankali ya ce in tuɓe, amma ga 'yan mata sun jero daga rijiya da tuluna, ni kuwa so nake a ga riga. Na karyo ɗanyen reshen kalgo na hau bugun darni, ban ankara ba hannun riga ya kama. Sai na yi abin da kowane wawa yake yi, na zura da gudu, wutar kuwa abin da take so ke nan. Wani dattijo, Baba Tanko, shi ne babban masu kashe wuta a lokacin, ya sa mini ƙafa na kifa, ya yi ta birgima ni cikin rairayi kamar buhu. Da na miƙe ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ango, biki aka ce maka ana yi?" Sunan nan ya bi ni har na yi auren gaske.

Saboda haka in ka ji kuwwa, ka tsaya ka tuɓe babbar riga tukuna, ka ɗaure wando tamau, ka jiƙa ƙyalle ka rufe hanci da baki. Wanda tufarsa ta kama a kayar da shi ƙasa, ko da maigari ne. Layar da innarka ta ɗinka maka ka rataya abarka, ban hana ba, amma takalmin fata ma ka sa. Na ga ƙato ya zauna daɓas a tsakiyar aiki don ya taka garwashi, sai da mutum biyu suka bar wuta suka ɗauke shi.

Na kuma daɗe ban gane amfanin ruwa ba. Rijiyarmu ka san zurfinta, kafin guga ya hau ya sauka ɗaki ya cinye. Ni kuwa da ƙuruciya sai in tsaya ina yi wa mata tsawa, "Ku zuba nan! Ku zuba nan!" a kan ɗakin da ya riga ya tafi. Tulu goma su shiga, ko gezau. Baba Tanko ne ya ja ni gefe wata rana ya ce, "Kai, wannan ɗakin ya mutu, bar yi masa wanka. Dubi na kusa da shi." Daga nan na koyi aikin. Ka ɗebi ƙasa ka watsa sama ka ga inda iska ta nufa. Ɗakunan da ke gaban wutar a wannan layin su ne aikinka. Mutum huɗu su shiga ƙarƙashin jinka su ɗaga ta ɗungum su kai fili, in ta yi nauyi a sa ƙugiya a kware ta, a kwantar da darni da zana, wuta ta zo ta tarar ba abin ci. Ruwan a yayyafa wa jinkar da ba a kai ga saukewa ba, a kuma rage tulu biyu a inuwa domin masu aikin, su sha, su jiƙa kai. Mutumin da ƙishirwa da hayaƙi suka juya wa kai ba ya sanin ya gaji sai ya faɗi.

Ko zancen hanya ma ina da laifi a ciki. Shekarar da kumandan ya sa aka buɗe tituna masu faɗi a cikin gari, mun yi ta gunaguni, muna cewa Nasara na so ya wuce da doki ne kawai. Da ƙura ta lafa kowa ya riƙa turo darninsa taku ɗaya duk shekara, ni ma na tura nawa don in sami wurin ɗaure akuya. Ban ce duk abin da suka sa mu alheri ne ba, ka san aikin dole da abin da ya yi wa mutane. Amma wannan ɗaya, da mun bar shi yadda yake, da ya yi mana rana. In za ka kafa gida can, ka bar fili tsakaninka da maƙwabci, rumbu kuma ka kai shi nesa da murhu, ko amaryarka ta ce tafiyar ta yi mata yawa.

Duk waɗannan da baki ma sai in aika ƙanenka ya faɗa maka. Abin da ya sa na nemi takarda da tawada shi ne wanda zan faɗa yanzu. Ka taɓa jin labarin, amma a juye ka ji shi.

Shekarar da aka naɗa ni sarkin samari, watanmu biyar da aure ni da innarka. Bazara ce, an kwashe rabin samarin gari zuwa aikin hanyar mota, mu tara muka rage masu ƙarfi. Bayan azahar wuta ta tashi a gidan wata mai ƙuli-ƙuli, mai ya kama a kasko ya lashi zana. Kafin mu taru gida biyu sun tafi. Na watsa ƙasa, iska daga gabas take, kuma na uku a layinta shi ne gidan kakanka Malam, mahaifin innarka, Allah ya jiƙansa. Zaurensa na da jinka doguwa, ta fi ta kowa a unguwar, shucinta ya tsufa ya bushe ƙayau. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙugiya ya san ita ce za a fara saukewa. Da ta sauka, da wutar ta mutu a nan.

Na iso ƙofar zauren ba riga, ba hula, jiki duk toka. Malam yana ciki a tsaye yana tattara littattafansa cikin gafaka. Ka san yadda mutum yake da surukinsa. Ni da in na hango shi a hanya sai in ratse ta bayan gari, yau ni ne zan ɗaga murya in ce a kware masa zaure yana ciki? Magaji, takalmi na cire. Na durƙusa a bakin ƙofa, wuta na ruri a bayana, na ce, "Malam, barka da rana. Yaya muka ji da wannan abu?" Shi ma ya kau da kai gefe ya ce, "Lafiya lau. Sai haƙuri, ikon Allah ne." Na jira ya ce a sauke, bai ce ba.

Baba Ilu, wanda ka sani, abokina tun muna kiwon awaki, yana tsaye a bayana da ƙugiya. Ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "Sarki, ba lokaci fa. Kai kauce, ni ba surukina ba ne, bari in sauke." Ka ga ya ba ni mafita, har da ƙofarta a buɗe. Na ce, "A'a. Kada a ce ina tsaye yarana suka yi wa Malam rashin kunya. Ku zaga baya ku fara da gidan maƙwabcinsa Ɗan Bako." Ya dube ni, ya bi umarnina, don ni ne sarki. Ya ja mutum biyu suka shiga lungun da ke bayan gidan, wani siririn lungu tsakanin darni biyu, irin waɗanda muka matse da hannunmu, bakinsa ɗaya.

Ba a yi nisa ba zauren ya kama. Da yake jinkar doguwa ce, iska ta riƙa ɗibar shuci mai ci tana jefawa ta saman kawunansu, darnin hagu da na dama suka kama lokaci ɗaya. Biyun da ke kusa da baki suka fito da gudu. Ni ina ina? Ina can ina taya Malam fitar da gafaka da buzu, ina ta sannu da sannu. Ban ƙirga mutanena ba. Sai da ɗaya daga cikinsu ya zo yana haki ya ce, "Sarki, ina Ilu?" Kafin mu zaga ya riga ya fito da kansa. Darnin da ke ci ya kama da hannu biyu ya yage, ya faɗo ta cikinsa.

Ko a nan ma ba mu bar shi ya huta da wautarmu ba. Wannan ya kawo tawada, wancan ya kawo kashin shanu, wata ta kawo man shanu, muka shafe masa hannu da baya. Washegari da sassafe muka ɗora shi a gadon kara, muna karɓa-karɓa har Magaria. Lokotoro, wato likitan Nasara, ya buɗe ya gani, ya yi ta faɗa da Faransanci, mai fassara ya ce, "Wai cewa yake, wa ya ce ku yi masa miya a jiki? Ruwa mai sanyi mai tsabta, da ƙyalle wankakke, shi ke nan, ku kawo shi." Ka riƙe wannan ma. Wata biyu Ilu ya yi a can. Ya dawo da ransa, amma yatsun hannun dama sun manne wuri ɗaya. Kai ka tashi ka gan shi yana sayar da gishiri da kanwa a gindin tsamiya, ba ka san shi masaƙi ba ne. Kafin ranar nan babu mai jefa ƙoshiyar saƙa kamarsa daga nan har Bande.

Gida bakwai suka ƙone, har da na Malam ɗin da na ji kunyar taɓawa. Wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya zo daga bariki ya tambayi maigari yadda aka yi, aka ce masa iska ce. Ni kuwa gari sai yabona ake. Tsofaffi suna nuna ni ga 'ya'yansu, wai ga yaron kirki, ana gobara bai manta da durƙusa wa surukinsa ba. Haka ka ji shi a bakin innarka, tana faɗa tana alfahari, don har yau ba ta san sauran ba. Duk lokacin da aka yi yabon nan sai in ji kamar an ɗora mini dutsen niƙa a ƙirji, amma ban taɓa buɗe baki na gyara ba, don yabo da daɗi. Ilu ma bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya ce mini a ƙofar zauren ba.

Da Malam ya kwanta ciwon ajali, na je gaishe shi. Ya sa kowa ya fita, ya juya fuska ga bango, don ko a ranar bai iya duban idona ba. Ya ce, "Ran nan ina jira ka sauke, kai kuma kana jira in ce. Da ka ture ni ma ka wuce, da albarka zan sa maka." Iyakar maganar da muka taɓa yi ke nan a kai, ni da shi.

Ban ce ka zubar da kunya ba. Da ita aka raine ni, da ita na raine ka, kuma ina so surukinka ya same ka mai ladabi. Amma na gane kunya ba ta sakin mutum a tsakiyar gobara don kawai ya ce ta sake shi. Kai ma ranar da ka tsaya a ƙofar surukinka ba riga, gwiwarka za ta nemi ƙasa, ko ka rantse yau ba za ta nema ba. Maganinta tun kafin ranar ake yin sa.

Ka san taron da muke yi a ƙofar maigari duk bayan kaka, inda kowane maigida yake miƙewa ya ce, "In wuta ta zo, na yarda a sauke jinkata, ba sai an tambaye ni ba." Ka san kuma yadda samari suke zama kowa ya faɗi gidan da ba zai iya taɓawa ba, na surukinsa ko na malaminsa, wani ya ce, "Wannan nawa ne, kai ka riƙe mini na wane." Kana tsammani gadon kakanni ne. Ba gado ba ne, ni na roƙi maigari aka fara shi a shekarar da Ilu ya dawo daga Magaria, kuma ban gaya wa kowa dalili ba. Tun daga lokacin an yi gobara, an yi hasarar ɗakuna da hatsi, amma ba mu sake ɗaukar wani a gadon kara ba, alhamdu lillahi.

Garin da za ka, ban ji suna yin haka ba. Kuma naka nauyin ya fi nawa, don kai baƙo ne, a gonar surukinka za ka ci tuwo. Kada ka jira sai an san ka. Kafin ciyawa ta bushe ka sami limamin garin ko wani dattijo mai faɗa a ji, ka kai masa goro, ka roƙe shi ya kai maganar gaban maigari, ya kuma nemo maka yardar surukinka a gaban mutane. Ka nemi aboki ɗaya mai taurin ido ka ce masa gidan surukinka nasa ne, in ranar ta zo kada ya saurare ka ko ka hana shi. In sun ba ka jagorancin samari, don na san za su ba ka, kada ka tura kowa lungu mai baki ɗaya, kada kowa ya shiga wuri shi kaɗai. Ka san adadin waɗanda suka bi ka, ka riƙa kiran sunayensu ɗaya ɗaya ana cikin aiki, ka ji kowa ya amsa. Jagora ba ya ɗaukar kaya, ko na wane ne. Idonsa a kan mutanensa yake har a gama.

Jiya da la'asar na je gindin tsamiya na zauna kusa da Ilu. Na daɗe ina juya carbi kafin in ce masa zan rubuta maka abin da ya faru, duka, har da maganar da ya yi mini a ƙofar zaure. Ya yi dariya ya ce, "Sarki, sai yanzu bakin ya buɗe? Har furfura ta gama cin kanmu?" Na ce ya yafe mini, karo na farko ke nan da na faɗa da bakina. Ya ce, "Haba, ni na yafe tun ina gadon lokotoro, kai ne ka ƙi zuwa ka karɓa. Ka gaya wa Magaji, in an kashe wuta ya je ya durƙusa wa surukinsa sau goma, ba mai hana shi." Ya miƙo mini hannun nan nasa muka gaisa. Shekara ashirin da wani abu ina gaisawa da shi ina kau da ido, jiya na riƙe shi na duba sosai. Na yi kuka, Magaji, a gaban masu sayen kanwa.

Ban sani ba ko bayan ka karanta wannan zan ragu a idonka. In na ragu, na yarda, ya fi mini sauƙi a kan in ji an yabe ka irin yabon da aka yi mini. Ɗaki in ya ƙone, kafin damina an yi wani. Abin da nake roƙonka shi ne duk ranar da za ka zo gaishe mu, ka zo mini da hannuwanka biyu lafiya, kuma 'ya'yan mutanen da suka bi bayanka su ma kowa yana da nasa.

Innarka tana gaishe ka, ta ce a tuna maka da daddawar da ta ƙulle a cikin ƙwaryar amarya. Ka gaishe mini da surukinka da mutanen gidansa gaisuwa ta girmamawa. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa, ya tsare waɗanda za su tsaya kusa da kai ranar tsanani. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri. Amin.

Ni ne mahaifinka.